Ƙarin Garantin Mota: Kariya Ce Ko Kuɗin Banza? (Rubutaccen Shirin Wannan Mako)

Yau maganar mota za mu yi, kuma sai mun leƙa Amurka, don can ne wannan kasuwa take da ƙarfi. 'Yan uwanmu da ke karatu ko aiki a can sun sha turo tambayar nan: na je sayen mota, an ce in ƙara kuɗi a ba ni ƙarin garanti, in karɓa ko in bari? Ku da kuke gida kada ku ce ba ruwanku, ku tsaya, akwai inda maganar za ta biyo ta kanku, musamman masu harin mota 'yar Kwatano.

Bari mu fara raba abu biyu da ake haɗawa. Akwai garantin kamfanin da ya ƙera motar, wanda yake zuwa da sabuwar mota ba ka biya komai a kansa daban ba. Toyota da Honda a Amurka suna ba da shekara 3 ko mil 36,000, wajen kilomita 58,000 kenan, a kan kusan duk jikin motar, sannan shekara 5 ko mil 60,000 a kan inji da giya. Duk wanda ya riga cika, shekarun ko tafiyar, shi kenan ya ƙare. Hyundai da Kia suna kai wa shekara 10 ko mil 100,000 a kan inji da giya, amma ga mai motar na farko. In ta koma hannu na biyu sai ya sauko shekara 5 ko mil 60,000.

To shi kuma ƙarin garantin, wanda ake sayar maka daban, sunan garanti kawai ya ara. Hukumar FTC mai kare masu saye a Amurka ta sha faɗa cewa kwantiragin gyara ne. Ka ba wani kamfani kuɗi yau, shi kuma ya yi alkawarin biyan wasu gyare-gyare gobe. Ku riƙe kalmar nan, wasu. Duk rigimar a cikinta take.

Yadda ake sayar da shi ma abin lura ne. Kun gama ciniki, ka gaji, yunwa ta kama ka, sai a shigar da kai wani ɗan ofis a ce sa hannu kawai ya rage. A nan ne mutumin zai ce, ai dala hamsin da wani abu ne kacal za a ƙara maka a wata. Mu yi lissafi a misali. Mu ƙaddara kuɗin kwantiragin dala 3,000 ne, an zuba shi cikin bashin motar na wata 72, kuɗin ruwa kashi 10 cikin 100. A wata zai kama kamar dala 56, gaskiya ne. Amma kafin ka gama, ka biya wajen dala 4,000. Dubu ɗaya ta tafi a ruwa kawai. Ga wanda dama yake ƙyamar kuɗin ruwa, ka ga an ƙara maka wani a kan wani. Kuma farashin nan ba saukakke ba ne, dilan yana da ribarsa a ciki, ana tayawa kamar yadda ake taya shadda a Kwari. Mutane da yawa ba su san haka ba.

Wani wayon kuma, in motar sabuwa ce ko ba ta daɗe ba. Za a ce maka kwantiragin shekara 6 ne. Tambayi daga yaushe ake ƙirgawa. Da yawansu daga ranar da aka fara sayar da motar suke farawa, ma'ana shekara 3 na farko kana biyan abin da kamfanin motar ya riga ya ɗauke maka.

Yanzu ga inda nake so mu daɗe: ranar da motar ta lalace. Ranar ce za ka san abin da ka saya.

Na farko dai, kayan da suke cinyewa da amfani ba sa ciki. Burki, taya, batir, kulochi, roban goge gilas, duk kai za ka saya. Alhali su ne abin da yake yawan kai mutum gareji. Sannan akwai lokacin jira, sau da yawa kwana 30 da mil 1,000, kafin kwantiragin ya fara aiki, kuma duk matsalar da suka ce motar ta zo da ita tun kafin ka saya, babu ruwansu. Wa zai yanke hukuncin cewa tsohuwar matsala ce? Su ne. Za su turo mai dubawa nasu.

Ka kai mota gareji, makanike ba zai taɓa ta ba sai an kira kamfanin sun amince. In ka yi gaggawa ka ce a gyara, daga baya ka kai rasit, suna iya cewa ba su san zancen ba. In giya ce ko inji, za su ce a kwance a ga abin da ya jawo. Aka kwance, suka ce wannan ba ya cikin yarjejeniya, kuɗin kwancewar ma a wuyanka yake, ga motarka a warwatse a garejin mutane. Sai kuma su ce kawo rasit na duk juyen baƙin mai da ka yi. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, mu nawa ne muke ajiye irin wannan takarda? Wani abokinsa ne yake masa juye a bayan gida ranar Lahadi. Babu rasit, an samu ƙofar da za a ce sakacinka ne. Ko sun yarda za su biya, akwai wani kaso da kai za ka fara cirewa daga aljihunka a kowane zuwa, wani kwantiragin ma a kowane gyara.

Ga wadda ta fi shafar mutanenmu a can. Da yawa da motar suke neman abinci, Uber ne, Lyft ne, kai abinci ne na DoorDash. Yawancin kwantiragin nan sun cire motar haya, sai dai in ka faɗa tun farko ka biya ƙari. In ka yi shiru, ranar da giya ta tafi suka gano, ba gyara, kuɗinka kuma sun tafi.

Kada ku ce ƙin su nake yi haka kawai. A 2010 wani babban kamfanin wannan sana'a a jihar Missouri, US Fidelis, ya durƙushe, masu shi suka ƙare a gidan yari. A 2023 hukumar sadarwa ta FCC ta ci tarar wasu gungu kusan dala miliyan 300 saboda kiran wayar nan na na'ura da ake ce wa mutum garantin motarsa ya kusa ƙarewa. Kira sama da biliyan 5 suka yi cikin wata uku. A 2024 kuma CarShield, wanda tallansa ya cika talabijin, ya amince ya biya dala miliyan 10 don a kashe zargin FTC na cewa tallan nasa yana yaudarar mutane. Saboda haka in an kira ka a waya ko an turo wasiƙa mai kama da ta gwamnati, kashe wayar kawai.

To babu wanda ya dace ya saya kenan? Akwai. Wanda ya ɗauko tsohuwar BMW, Marsandi ko Range Rover, irin motar da gyara ɗaya zai iya cinye albashin wata biyu, kuma ba shi da ajiya, shi ina ganin hujjarsa. Ko da yake ni tambayar da zan fara yi masa ita ce, me ya kai ka? In dai sai ka saya, nemi wanda kamfanin motar da kansa yake tsaya wa, ka zaɓi irin wanda yake lissafa abin da ba ya biya, duk sauran yana ciki. Ya fi wanda yake jero 'yan abubuwan da yake biya. Ka ce a ba ka cikakken kwantiragin ka tafi da shi gida, ba 'yar takardar talla ba. Wanda ya hana ka karantawa ya riga ya ba ka amsa.

Amma mai Corolla, Camry ko Accord mai lafiya, ni a ganina ya bar kuɗinsa. Kafin ka saya, biya makanike na daban ya duba ta ciki da waje. Sannan wannan dala 56 ɗin, buɗe mata asusu, duk wata ka jefa kamar zubin adashi. Ta lalace, ka ɗiba ba tare da roƙon kowa ba. Ba ta lalace ba, kuɗinka ne. Wanda kuma ya riga ya sa hannu, duba takardarka yau: da yawa suna ba da kwana 30 ko 60 ka fasa a mayar maka da kuɗinka duka, bayan nan ma ana mayar da na ragowar lokacin.

Sai ku na gida, na ce zan biyo ta kanku. Motocin da ake shigo mana da su ta Legas da Kwatano, da yawa daga gwanjon Copart da IAA na Amurka suke, wasu kuma kamfanin inshora ya riga ya rubuta su a matsayin waɗanda suka tashi daga aiki saboda hatsari ko ambaliya. Irin wannan ko a can ba kasafai ake ba ta kwantiragin nan ba. Wadda take da shi ma, a Amurka da Kanada yake aiki, ba ya hawa jirgin ruwa ya biyo ta Kano. Don haka in dillali ya zaro takardar Turanci daga cikin mota ya ce tana da garanti har shekara kaza, kada ka ƙara ko naira ɗaya saboda ita. Karɓi lambar jikin motar mai harufa da lambobi 17, ka sa a duba tarihinta a Carfax. In kuma shi dillalin ne ya ce ya ba ka wata ɗaya a kan inji da giya, to a rubuta, a sa hannu gaban shaidu, a faɗi wanda zai biya makanike da wanda zai sayi kaya.

Nan za mu tsaya yau. Wanda ya taɓa sayen irin wannan kwantiragi, ya gaya mana ko sun biya shi. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.