Stoic: kalmar da aka haifa a rumfar kasuwa



Yau kalma guda zan yi magana a kai. Da Ingilishi ana cewa stoic, da Faransanci stoïque. Ana faɗa wa mutumin da wahala ta same shi amma bai ruɗe ba, bai yi raki ba. Mu sai mu ce mai natsuwa, mai haƙuri.

To ina ta samo asali? Daga birnin Atina na ƙasar Girka. Wajen shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wani malami mai suna Zeno yana koyarwa a wata rumfa mai zane-zane a bakin kasuwa. Rumfa da Girkanci stoa ake ce mata, shi ya sa aka kira almajiransa "ƴan rumfa". Kun ga ke nan, kusan fada ce irin tamu, shayi kawai babu.

Daga baya wani malaminsu, Efiktitus, wanda ya taɓa zama bawa a Roma, ya raba al'amura gida biyu: abin da ke hannunka, da abin da ba ya hannunka. Na biyun kada ya ci maka rai. Na farkon kuwa, tashi ka yi. Sarkin Roma Markus Awreliyus, da ya yi mulki daga 161 zuwa 180, ɗan wannan makaranta ne, kuma bai ajiye aikin jama'a ba ko lokacin yaƙi da annoba.

Mu fa rabin darasin muka riƙe. A 2020 kogi ya cika ya shiga Saga da Lamorde, gidaje suka faɗi, aka ce mu yi haƙuri, muka yi. Ruwan sama ba ya hannunmu, gaskiya ne. Amma magudanar da shara ta toshe fa? Filin da aka sayar a hanyar ruwa fa? Madatsar da ke jiran gyara fa? Waɗannan a hannun mutane suke, kuma haƙƙinmu ne mu tambaya, ba zagi, ba jifa.

An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Amma ai sai ya hura wuta tukuna.

Don haka kafin damina ta kama, kowace fada ta zagaya unguwarta, ta rubuta wuraren da ruwa ke kwanciya, a share wanda za a iya, sauran a kai takarda ma'aikatar magajin gari, a kuma koma a tambaya.

Allah ya ba mu damina mai albarka.