YADDA SHAFIN INTANET KE BA KOWA AMSARSA: JAWABI KAN KOYON RUBUTA UMARNI GA UWAR GARKE



A duk shekara, da zarar hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, watau WAEC, ta ce sakamako ya fito, sai ɗalibai su dunguma zuwa shafinta na intanet. Ɗalibin Sakkwato da na Kalaba adireshi ɗaya suke bugawa, amma kowannensu da ya sa lambarsa ta jarrabawa da lambar sirri, nasa sakamakon kaɗai yake gani. Ba wani akawu ne ya zauna ya tsara wa kowane ɗalibi shafinsa ya ajiye ba. A daidai lokacin da aka yi tambaya ake ƙera shafin, kuma umarnin da wani mutum ya rubuta shi ne ke ƙera shi. Makasudin wannan jawabi shi ne a bayyana yadda wannan aiki yake, da hanyar da mai sha'awa zai bi ya koye shi, da kuma amanar da ke rataye a wuyan wanda ya koya.

SHAFI IRI BIYU

Shafukan intanet iri biyu ne. Iri na farko kamar takardar sanarwa yake, wadda aka liƙa a allon ofis: duk wanda ya zo abu ɗaya zai karanta, har ranar da aka cire ta. Shafin farko da Tim Berners-Lee ya buɗe wa duniya a 1991, daga cibiyar bincike ta CERN kusa da Janiba, irin wannan ne. Iri na biyu kuwa kamar akawu yake a bakin taga: a faɗa masa suna da lamba, ya shiga ɗakin ajiya ya zaro fayil, ya rubuto amsa ya miƙo.

Kwamfutar da ke riƙe da shafuka tana ba masu nema, ita ake kira saba, ko uwar garke. Manhajar da ke cikin waya ko kwamfutar mai nema, irin su Chrome da Firefox, ita ce burauza. Idan mutum ya cika fom ya danna, burauza kan aika da buƙatarsa zuwa uwar garke. Can sai a gudanar da umarnin da aka rubuta: ya karanta abin da mutumin ya cika, ya tambayi rumbun bayanai, ya harhaɗa amsa cikin HTML, watau alamomin da ake tsara shafi da su, sa'an nan ya mayar. Mai nema ba ya ganin umarnin ko kaɗan, sakamakonsa kawai yake gani. Tare da kowace amsa akan haɗo wata lamba: 200 na nufin an dace, 404 na nufin ba a sami shafin ba, 500 kuwa na nufin wani abu ya ɓaci a can wajen uwar garke.

ASALIN SANA'AR

A 1993 ne aka fito da wata ƙa'ida mai suna CGI a cibiyar NCSA ta Jami'ar Ilinoyi a Amurka, wadda ta ba uwar garke damar kiran wani shiri ya samar da shafi. Daga nan Rasmus Lerdorf ya rubuta wasu ƙananan shirye-shirye domin shafinsa na kansa, ya sake su ga jama'a a 1995, su ne suka zama harshen PHP. Da wannan harshe aka gina WordPress a 2003, da shi Facebook ya fara a 2004, kuma da shi aka rubuta manhajar da Wikipedia ke gudana a kanta. Ba shi kaɗai ba ne a fagen. Akwai Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, akwai Java, akwai kuma Node.js na Ryan Dahl, wanda tun 2009 ya sa ana iya amfani da JavaScript a uwar garke. Kada mai koyo ya ɓata watanni yana gardamar wanne ya fi. Ya kama ɗaya ya riƙe, domin ginshiƙansu duka ɗaya ne.

MATAKAN KOYO

Mataki na farko shi ne sanin HTML, musamman yadda ake yin fom. Wanda bai iya tsara shafi da hannunsa ba, ba zai iya umartar na'ura ta tsara masa ba.

Mataki na biyu shi ne mutum ya mai da kwamfutarsa uwar garke. Akwai wani ƙunshi na kyauta mai suna XAMPP, wanda ya haɗa Apache da PHP da rumbun bayanai na MariaDB. Da zarar an sauke shi an girka, sai a buga adireshin 127.0.0.1 a burauza, wanda ma'anarsa ita ce wannan kwamfuta da ake zaune gabanta. Daga nan ana iya yin gwaji dare da rana ba tare da an sayi data ba, abin da ke da amfani ƙwarai ga ɗalibi mai ƙaramin ƙarfi.

Mataki na uku shi ne rubuta umarni na farko. Alal misali, a PHP, idan aka rubuta echo date("Y"); a wurin da aka keɓe wa umarni cikin shafi, to duk wanda ya buɗe shi zai ga shekarar da ake ciki, ba tare da an sake taɓa shafin ba in shekara ta juyo. Daga wannan sai a wuce zuwa ginshiƙai huɗu. Akwai mazubi, inda ake ajiye suna ko lamba na ɗan lokaci. Akwai sharaɗi, watau idan abu kaza ya tabbata a yi kaza, in ba haka ba a yi wani abu dabam. Akwai maimaici, wanda da shi ake jera darussa tara na ɗalibi ɗaya bayan ɗaya da umarni guda. Akwai kuma dunƙulallen aiki, wanda ake rubutawa sau ɗaya a yi ta kiransa duk inda ake bukata.

Mataki na huɗu shi ne karɓar fom. Hanya biyu aka fi bi: GET, wadda ke liƙa bayanin a jikin adireshi kowa ya gani, da POST, wadda ke sa shi cikin jikin saƙon. Ta farko ta dace da bincike, amma kalmar sirri ba a aika ta ta nan. Ko ta biyun ma ba ta ɓoye kome daga mai laɓe a hanya, sai an haɗa da HTTPS, wanda ke kulle saƙon tsakanin burauza da uwar garke.

Mataki na biyar shi ne rumbun bayanai da harshensa na tambaya, SQL. A nan ake koyon yadda za a ce: kawo sakamakon ɗalibin da lambarsa ita ce kaza.

Mataki na shida shi ne tunawa da baƙo. Uwar garke ba ta da tunani: kowace buƙata sabuwa ce a wurinta. Saboda haka idan mutum ya shiga da kalmar sirrinsa, akan ba burauzarsa wata 'yar shaida da ake kira kuki, wadda Lou Montulli na kamfanin Netscape ya ƙago a 1994. Aikinta kamar na katin asibiti ne: katin na hannun majiyyaci, fayil ɗin na asibiti, lamba ce ke haɗa su.

INDA GIZO KE SAƘAR

Darasi mafi girma a wannan sana'a shi ne: kada a taɓa amincewa da abin da baƙo ya rubuta cikin fom sai an tantance shi a uwar garke. Tantancewar da ake yi cikin burauza ba ta wadatarwa, domin burauza tana hannun baƙon, yana kuwa iya kauce mata.

Ga misali. Mai koyo ya yi akwatin sa lambar jarrabawa, ya ɗauki duk abin da aka rubuta ya jona shi kai tsaye cikin tambayar SQL. Sai wani mugu ya zo, maimakon lamba ya rubuta wani guntun umarni mai ma'anar "ko kuwa idan ɗaya daidai yake da ɗaya". Tun da wannan sharaɗi kullum gaskiya ne, rumbun sai ya zubo bayanan kowa da kowa. Wannan ba tatsuniya ba ce. A 2015 an bi ta irin wannan ɓaraka aka kwashi bayanan mutum kusan 157,000 daga kamfanin sadarwa na TalkTalk a Ingila, kuma a 2016 hukuma ta ci kamfanin tarar fam 400,000.

Maganin kuwa ba shi da wuya. Ana amfani da shiryayyar tambaya: a fara aika wa rumbu siffar tambayar da gurbi a cikinta, sa'an nan a aika abin da baƙo ya rubuta dabam, don rumbun ya ɗauke shi bayani kawai, ba umarni ba. Haka kuma duk abin da baƙo ya rubuta, a tsabtace shi kafin a nuna shi a shafi, don kada ya cusa umarnin da zai cuci sauran masu ziyara. Kalmar sirri kuma ba a ajiye ta tsirara. Tun 2013 PHP yake da aikin password_hash, wanda ke niƙa ta yadda ko ɓarawo ya sace rumbun ba zai karanta ta kai tsaye ba.

ABIN DA DOKA TA CE

Wanda ya karɓi sunayen mutane da lambobin wayarsu da lambarsu ta shaidar ɗan ƙasa, amana ya karɓa. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ɗora wa mai tara irin waɗannan bayanai nauyin tsare su, ta kuma kafa hukumar NDPC domin sa ido. Har ila yau Dokar Laifuffukan Intanet ta 2015 ta haramta kutsawa cikin kwamfutar wani ba da izini ba. Saboda haka mai koyo ya gwada dabarun da aka ambata a kan kwamfutarsa kaɗai. Gwada su a shafin banki ko na makaranta da sunan koyo laifi ne da ke kai mutum gaban alƙali.

KIRA GA JAMA'A

Makarantu da asibitoci da ƙungiyoyin gama kai da ƙananan hukumomi duk suna bukatar shafukan da za su yi rajista, su ba da sakamako, su karɓi kuɗi. Ya kamata 'ya'yan ƙasa, maza da mata, su zama su ne masu gina su da kula da su. Mai koyo ya fara da ɗan ƙaramin aiki, kamar rajistar ɗaliban aji ɗaya mai ɗauke da sunayen ƙage, ya gina ta, ya nemi ɓarakarta da kansa, ya toshe. Sannu ba ta hana zuwa. Iyaye da malamai kuma su ba yara lokaci da wurin zama gaban kwamfuta. Shugabannin ma'aikatu kuwa, kafin su karɓi shafi daga hannun ɗan kwangila, lalle ne su tambaye shi abu uku: yadda ake tantance fom, yadda ake ajiye kalmar sirri, da wanda zai riƙa sabunta manhajar bayan an biya kuɗin aiki.