Muhimmancin Ambaton Madogara a Rubutun Nazarin Adabi

 

An nemi in yi magana a kan yadda ake ambaton littattafai da mujallu a rubutun nazari. Zan fara da abin da ya same ni. Lokacin da nake rubuta kundin digirina a kan ƙagaggun labaran Hausa, na kwafo wata magana daga wani littafi, ban rubuta sunansa ba, balle shafi. Malamin da ke duba aikina ya zagaye wurin da jan biro, ya ce, "Wa ya faɗa?" Mako biyu na yi a laburare ina neman littafin. Da ban same shi ba, da an ɗauke ni ɓarawon fasaha, aikin shekara huɗu ya bi ruwa.

To, jama'a, abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Malaman Hadisi ba sa karɓar magana sai da isnadi. Manufa ɗaya ce: mai karatu ya iya bin sawunka har ya ga maganar da idonsa.

A tsarin APA, wanda ake amfani da shi a jami'o'i da dama, littafi yana buƙatar sunan marubuci, da shekara, da sunan littafi, da maɗaba'a. Ana fara da sunan ƙarshe. Misali, littafin Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya, Hausa a Rubuce, wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1988, za ka fara shi da "Yahaya, I. Y. (1988)". A cikin rubutu kuwa, sai ka sa Yahaya, da 1988, da lambar shafi, cikin baka biyu.

Maƙalar mujalla tana da ƙari. Idan daga Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero ka ɗauko, bayan sunan marubuci da shekara, sai sunan maƙalar, da sunan mujallar, da lambar fitowa, da shafin da maƙalar ta fara da wanda ta ƙare.

Akwai inda masu nazarin adabi ke yawan tuntuɓe. Ruwan Bagaja na Alhaji Abubakar Imam ya fara fitowa a 1934, amma an sha sake buga shi, kuma shafuka kan sauya daga bugu zuwa bugu. Saboda haka ka rubuta shekarar bugun da ke hannunka, ka kuma nuna shekarar bugun farko. Sa'annan abin da ba ka karanta da kanka ba, ka faɗi a wurin wa ka gan shi.

Shawarata ga ƙannenmu da ke jami'a ita ce, ku rubuta waɗannan bayanai kafin ku rufe littafin. Yau a ofis ma, ba na kai wa maigidana alƙaluma sai da lambar fayil ɗin da na samo su.