Hukuncin Alƙali Ba Ya Halatta Haram

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ƴan uwa Musulmi masu saurare, nasiharmu ta yau a kan husumar gona ce da gado da bashi, waɗanda suke raba ƴan ɗaki ɗaya, har a wayi gari wa da ƙane suna azumi ba su gaisawa.

Mu sani, dokar ƙasarmu Nijar ba ta ce kowace rigima a ruga kotu ba. Ta ba sarakunan gargajiya ikon yin sulhu, tun daga mai unguwa da mai gari har zuwa sarki. Idan an daidaita, sai a rubuta takardar sulhu. Idan abin ya faskara, a rubuta cewa ya faskara, sannan a tafi gaban alƙali. A sha'anin aure da saki da gado da gonakin gado, alƙali yana duba al'adar masu husuma, tare da mashawarta masana al'ada da ke zama da shi. Wanda hukunci bai gamsar da shi ba yana da damar ɗaukaka ƙara. Haka kuma dokar karkara ta shekarar 1993 ta kafa kwamitocin filaye, inda ake rubuta saye da kyauta da aro da jingina.

Wannan ba baƙo ba ne ga mai ilimi. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, cikin Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu. Sayyidina Umar ya karantar da Abu Musal Ash'ari cewa hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa tana kan mai musu, kuma sulhu halal ne matuƙar bai halatta haram ba. Saboda haka wanda ya ara wa maƙwabci gona, ya rubuta tun shaidu suna raye. Aron da ba a rubuta ba, jikoki ke mai da shi gado.

Amma ga abin tsoro. Ummu Salama ta ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya gargaɗi masu husuma: wani ya fi wani iya baki, kuma wanda aka yanka masa haƙƙin ɗan uwansa, yankin wuta aka ba shi. To, ina wanda ya sayi shaidar zur ya danne gonar marayu? Ina wanda ya hana ƙannensa mata rabonsu, yana taƙama da takarda mai hatimi? Alƙali da zahiri yake hukunci. Allah Shi ne Masanin ɓoye.

Wanda ya san akwai haƙƙin wani a hannunsa, ya mayar tun kafin goman ƙarshe ta wuce. Allah Ya daidaita tsakaninmu, Ya karɓi azuminmu. Amin.