Inda Ɗalibin Kaduna Zai Nemi Taimako Kan Darasin Rubutu



Sau da yawa ɗalibi yakan san amsar tambaya sarai, amma ya faɗi jarrabawa domin ya kasa shirya abin da ya sani a kan takarda. Haka nan ma'aikaci yakan rubuta wasiƙa mai muhimmanci, ta kwana cikin fayil wata da watanni, saboda wanda ya karanta bai gane abin da ake nema ba. Wannan shi ne dalilin da ya sa Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da Jami'ar Jihar Kaduna, wadda aka kafa a 2004, suke wajabta darasin sarrafa harshe ga sababbin ɗalibai.

To, ina mai neman gwaninta zai dosa? Da farko dai akwai ƙamus. Wanda ke rubutu da Hausa yana da na Bargery na 1934 da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Ɗalibin da ya saba duba kalma kafin ya rubuta ta ya rage rabin jan biron malaminsa.

Na biyu, akwai rubutun magabata. A Gidan Arewa da ke Titin Rabah, wato gidan marigayi Sardauna wanda Farfesa Abdullahi Smith ya mayar cibiyar binciken tarihi a 1970, akwai littattafai da kundayen digiri da rubuce-rubucen Larabci da ajami. A reshen Kaduna na Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa kuwa akwai rahotannin gundumomi na zamanin En'e. Mai karatu da lura zai ga yadda marubucin rahoto ke fara bayyana batu, ya kawo hujja da adadi, sa'an nan ya ba da shawara. Tsarin da malami ke nema a cikin insha'i ke nan, kuma shi shugaban ofis ke nema a cikin takarda.

Na uku, kuma mafi wuya, shi ne gyara. Alhaji Abubakar Imam ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, bayan ya yi aikin Magana Jari Ce a Zariya tare da Dokta East, ana rubutawa ana dubawa ana sakewa. In har marubuci irinsa ya zauna an duba masa aiki, ɗalibin shekarar farko ba shi da hujjar miƙa rubutun dare ɗaya. Ya kamata ya rubuta, ya ajiye kwana biyu, ya karanta da babbar murya, ya ba abokinsa ya faɗa masa abin da ya fahimta. Inda abokin ya yi tuntuɓe, nan gyara yake.

Kwamfuta da intanet sun sauƙaƙa neman bayani, amma kwafe aikin wani sata ce, tana kuma jawo hukunci mai tsanani a jami'a. Wanda ya ɗauko magana ya ambaci mai ita.

Hausawa sun ce da koyo akan iya. Allah ya ba da sa'a, amin.