GABAGAƊI A WURIN AIKI: DARASI DAGA NEHEMIYA

(Jawabin fasto ga ma'aikata da dattawan ikilisiya)



Kwanakin baya wani ɗan'uwa ya same ni a gida da dare. Shekara 9 ke nan yana mataki ɗaya a ofishinsu, waɗanda ya koya wa aiki sun wuce shi. Ya ce, "Baba Fasto, ai ba a son mu ne." Na tambaye shi sau nawa ya nemi zama jarrabawar ƙarin girma. Ya sunkuyar da kai. Ko sau ɗaya. Tsoro yake ji kada ya faɗi a yi masa dariya.

Ban ce babu wariya ba. Akwai ta, wasunmu sun ɗanɗana. Amma sau da yawa mu ne muke rufe wa kanmu ƙofa tun ba a rufe mana ba.

Mu duba Nehemiya, sura 1 da 2. Shi ma bare ne a wurin aikinsa: Bayahude, mai shayarwa na Artashate sarkin Farisa, a Shushan, wajen shekara ta 445 kafin haihuwar Almasihu. Ya ji labarin rushewar garun Urushalima a watan Kisle, bai yi wa sarki magana ba sai watan Nisan. Kusan wata 4 ke nan. Ran da sarki ya ga fuskarsa ba walwala ya tambaye shi, Nehemiya da kansa ya shaida cewa ya tsorata ƙwarai. Ashe mai gabagaɗi ma yakan ji tsoro.

To, me ya tsayar da shi? Shiri. Ya yi addu'a, ya kuma yi lissafi. Da sarki ya tambayi tsawon tafiyar, ya yanka masa lokaci. Ya roƙi wasiƙu zuwa ga masu mulkin ƙetaren Yufiretis domin su ba shi hanya, da wata zuwa ga Asaf mai lura da kurmin sarki domin katako. Har sunan mai katako ya sani! Da ya isa Urushalima, bayan kwana 3 ya zaga garun da dare ya gani da idonsa kafin ya tara jama'a. Aka gama ginin cikin kwana 52.

Ga abu uku da za mu ɗauka.

Na ɗaya, ka san aikinka ciki da waje. Karanta ƙa'idojin ma'aikatarku. Idan kwamfuta ce ke ba ka tsoro, zauna da yaron da ya iya, ko da sa'an ɗanka ne. Matambayi ba ya ɓata.

Na biyu, kada ka shiga wurin shugabanka hannu rabbana. Rubuta abin da kake nema, da dalili, da kuɗin da zai ci, da ranar da za ka gama. Wanda ya shirya, ko muryarsa na rawa, za a saurare shi.

Na uku, fara da ƙarami. A taron ofis na gaba, faɗi magana ɗaya tak wadda ka tabbatar. Idan ka yi kuskure, amsa shi, gyara, ci gaba.

Dattawa, mu ma da namu. Idan kullum muna kwaɓar matasa su yi shiru a taron ikilisiya, ina za su koyi magana a gaban manya? Mu ba su karatun Littafi, rahoton kuɗi, da rubuta bayanan taro.

Ɗan'uwan nan ya cike takardar jarrabawa a bana. Sakamako bai fito ba tukuna. Ku sa shi cikin addu'a, ku ma ku je ku nemo taku takardar.

Ubangiji ya taimake mu. Amin.