Gwanjon Intanet: In Abu Ya Ɓaci, Wa Zai Biya?



An nemi mu yi magana a kan saye da sayarwa a shafukan gwanjo na intanet, watau inda akan baje kaya a waya ko kwamfuta, jama'a su yi ta tayi, wanda ya fi kowa sa kuɗi ya ɗauka. Mu dai ba malaman tattalin arziki ba ne. Ɗalibai ne waɗanda ƙarancin guzuri ya tura neman araha, kuma kusan duk wanda ke zaune a wannan zaure, in bai taɓa tayin waya ko kwamfuta ta wannan hanya ba, to ya san wanda ya taɓa. Ƙananan ma'aikatan da ke tare da mu kuwa, da yawansu ta nan suke hangen motarsu ta farko.

Shi gwanjo ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa, har ma sunansa ya koma kan tsofaffin tufafin da ake kawowa cikin dila. Malaman fiƙihu kuma sun halatta irin cinikin da ake ƙara tayi a fili, muddin mai kaya bai riga ya sallama wa wani ba. Abin da yake sabo shi ne cinikin da ba ka ga kaya ba, ba ka ga mai kaya ba, ba kuma wanda ya san ku duka biyu.

A shekarar 1995 wani mutum mai suna Pierre Omidyar ya buɗe shafin gwanjo a Kalifoniya ta ƙasar Amurka, wanda a 1997 aka sa masa suna eBay. Cikin kayan farko da aka sayar akwai wata 'yar tocila mai fitar da ɗigon haske, irin wadda malamai ke nuni da ita a allo. Ta lalace, an kuma faɗa ta lalace, amma duk da haka wani ya saye ta dala 14 da santi 83. Abin lura a nan shi ne an bayyana aibin kaya, mai saye ya yarda, don haka ba wanda ya cuci wani. Duk rigingimun da suka biyo baya a wannan kasuwa sun taso ne daga inda aka rasa ɗayan waɗannan biyu.

Bari mu duba yadda tayin kansa yake, domin da yawa daga cikinmu suna shiga ba su fahimce shi ba. Ba irin na kasuwa ba ne, inda za ka ce ɗari, wani ya ce ɗari da goma. Kai za ka rubuta iyakar abin da za ka iya biya, na'ura ta ɓoye shi, ta riƙa ƙara maka tayi kaɗan-kaɗan gwargwadon bukata. Alal misali, in iyakarka dala 100 ce, ta abokin takararka kuwa dala 60, to kai ka ci, amma dala 61 za ka biya. Tsari ne mai kyau, sai dai yana da ƙofa. Mai kaya maras tsoron Allah yakan buɗe wani suna na biyu, ko ya sa ɗan'uwansa, ya taya kayansa dala 90 ba da niyyar saye ba. Kai kana can kana murna ka ci gwanjo, alhali an ɗora maka dala 30 a banza. Wannan shi ne abin da littattafan fiƙihu suke kira najashi, kuma haramun ne tun kafin a san intanet. Dokokin shafukan ma sun hana shi. Amma a kasuwar ƙauye, in ƙanen mai saniya ya tsaya yana tayin saniyar wansa, kowa zai gane shi. A waya fa, wa za ka gane?

Sa'an nan ga maganar agogo. Mai gwanjo a kasuwa yakan ɗaga murya ya jira, ba ya sallamawa sai kowa ya yi shiru. A eBay kuwa lokaci ne ke sallamawa, in ya cika ya cika. Saboda haka gwanayen abin ba sa tayi sai saura daƙiƙa kaɗan, don kada wani ya sami zarafin ƙarawa. Wasu masana biyu, Roth da Ockenfels, sun nuna a 2002 cewa wannan ɗabi'a ta fi yawa a eBay bisa ga gwanjon da Amazon ke yi a wancan zamani, inda akan ƙara minti goma duk sa'ad da sabon tayi ya shigo a ƙarshe. To, gwanjon da zai rufe ƙarfe bakwai na yamma a Kalifoniya, a nan ƙarfe uku ne ko huɗu na dare, gwargwadon lokacin shekara. Mun sha ganin ɗalibi zaune a barandar ɗakin kwana cikin sanyi da sauro, ba wuta, cajin waya ya kusa ƙarewa, yana jiran waɗannan daƙiƙu. Wanda ya yi irin wannan kwanan zaune ba ya son ya tashi hannu banza, sai zuciya ta ɗebe shi ya wuce iyakar da ya yanka wa kansa. Sau da yawa wanda ya ci gwanjo shi ne kawai wanda ya fi kowa kuskuren ƙiyasta darajar kayan.

Kuma kuɗin tayi somin taɓi ne. Akwai kuɗin aikowa, da kuɗin fito, da canji. Kafin watan Yuni na 2023 dala a farashin gwamnati tana wajen naira 460. Zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ci mota kafin wannan canji, ta iso tashar jirgin ruwa bayansa, ya san abin da muke nufi.

Yanzu mu zo ga babbar tambayar, wadda ita ce ta kawo mu nan: in kaya suka zo ba yadda aka siffanta su ba, ko ba su zo ba sam, wa zai biya?

Kakanninmu sun amsa wannan tambaya tun da daɗewa. Wani Bature mai nazarin al'umma, Abner Cohen, ya zauna a Sabon Ibadan, ya kuma bayyana a littafinsa na 1969 yadda fataucin shanu ke gudana a can. Falke yakan taho da shanu daga Arewa ya sauka a gidan maigida. Dillalan maigidan su sayar da shanun bashi ga mahauta Yarbawa waɗanda falken bai taɓa gani ba. In mahauci ya ƙi biya, maigida ne zai biya daga aljihunsa. Dalili ke nan ya san kowane mahauci ciki da waje, ya san wanda ake bi bashi da wanda ya kusa karyewa. La'adar da yake karɓa ba ta nuna hanya kawai ba ce, ta ɗaukar asara ce.

Shafukan gwanjo sun yi ƙoƙarin ƙera wannan maigida da na'ura. Tun 1996 eBay ta fito da tsarin shaida, inda mai saye da mai sayarwa kowa zai rubuta yadda ya ga ɗan'uwansa. Amma shaidar ta zama ta ba ni gishiri in ba ka manda: wanda aka cuta yana tsoron in ya kushe mai kaya, shi ma a rama a kansa. Bincike ya nuna kusan kashi 99 cikin ɗari na shaidun yabo ne, har a 2008 kamfanin ya hana masu sayarwa rubuta suka a kan masu saye. A ganinmu shaida irin wannan tana da amfani, amma ba lamuni ba ce. Wanda ya yabi mai kaya ba zai biya ka sisin kwabo ba in shi mai kayan ya cuce ka. Lamuni na gaskiya shi ne alkawarin mayar da kuɗi, inda kamfanin ke tsayawa tsakani, kuma shi ne ya sa Ba'amurke yake saye hankalinsa kwance.

A nan ne mu abin ya ƙwace mana. Masu sayarwa da yawa a ƙasashen waje ba sa aiko kaya Nijeriya, saboda sunan da 'yan damfara suka ja mana, har lambar sashe na 419 na dokar laifuffuka ta zama kalma a bakin duniya. Dole sai mu nemi wakili mai adireshi a Amurka ko Ingila, ya karɓi kaya ya turo mana. Bisa ƙa'idar eBay kuwa, kayan da aka ƙara turawa wani wuri bayan sun isa adireshin farko sun fita daga lamunin. Watau mun biya la'adar maigida, amma muna taka ƙofar wakili maigidan ya zare hannunsa. Mai son sayarwa ma bai tsira ba. A 2014 PayPal ta buɗe wa 'yan Nijeriya ƙofa, amma a lokacin ta biya ce kawai, ban da ta karɓa. Dukawan Kano da marinan Ƙofar Mata suna da kayan da duniya ke so. Shekaru da dama hanyar karɓar kuɗin ce ta tsaya musu a wuya.

Maganar mota ta fi kowace nauyi, tun da tarin shekaru ake zubawa. Motocin da ake gwanjo a shafuka irin su Copart galibi kamfanonin inshora ne suka sallama su bayan haɗari ko ambaliya, kamar wadda guguwar Harvey ta jawo a Houston a 2017. A can akan rubuta aibin, a ɗauki hotuna. Ɓoyon yakan faru ne a hanya, bayan an yi gyaran jiki da fenti, a kawo wa ma'aikaci a ce ai wata tsohuwa ce take hawa zuwa kasuwa. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17. Rubuta ta a shafin bincike, sau da yawa hotunan ranar gwanjo za su fito. Wanda ya ƙi ba ka lambar, ya riga ya ba ka amsa.

Na gida kuwa ba sai mun daɗe a kai ba. Hukumar Kwastan ta soma gwanjon kayan da ta kama ta intanet a 2017, kuma 'yan damfara sukan fake da sunanta su nemi a tura kuɗi asusun wani mutum. Gwanjon atamfa da takalma da ake yi a WhatsApp da Instagram ba shi da lamuni ko kaɗan. Mai saye yana tsoron ya tura kuɗi a toshe lambarsa; mai sayarwa yana tsoron alat na ƙarya. Kowa na jiran ɗan'uwansa ya fara sakin nasa.

Ya shugaban taro, shawararmu ga ƙungiya ita ce, tun da cinikin waya da kwamfuta da littattafai tsakanin ɗalibai ba zai tsaya ba, a kafa ƙaramin kwamiti mai asusu a banki wanda zai riƙa riƙe kuɗi amana. Mai saye ya zuba kuɗi a asusun, a ba shi kaya ya gwada kwana biyu ko uku, in ya yarda a miƙa wa mai kaya kuɗinsa, a cire 'yar la'ada, in bai yarda ba kowa ya karɓi nasa. A ajiye littafi na sunaye da lambar ɗalibi da siffar kaya, ma'aji ya karanta lissafin a kowane babban taro. Muna roƙon sakatare ya sa wannan cikin abubuwan da majalisar ɗalibai za ta tattauna a zamanta mai zuwa.